Kuɗin tallafi ya zo, amma iri ya riga ya wuce

[Hoto: yara sanye da riguna iri ɗaya suna dasa itatuwa. Sai filin nan bayan wata shida, sanduna busassu.]

Kwanakin nan tambaya ɗaya ce ke ta yawo a ƙungiyoyin matasa masu kare muhalli: mun yi alkawarin itace dubu goma, me ya sa aka ƙi ba mu tallafi, aka ba wa masu ɗari biyar? Amsar tana cikin shafi ɗaya na takardar neman tallafin, shafin jadawalin aiki.

Bari mu yi sauri a kan abin da kowa ya sani ana buƙata kafin neman tallafi. Ƙungiya mai rajista, asusun banki da sunan ƙungiya, mutum biyu masu sa hannu, takardar izinin fili daga makaranta ko mai filin, da izinin iyaye idan yaran ƙanana ne. Masu bayarwa kuma akwai su: gidauniyoyi, kamfanoni, ma'aikatun muhalli, da shirin ƙananan tallafi na GEF, asusun kare muhalli na duniya, wanda UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke gudanarwa tun 1992. Wannan ke nan.

[Hoto: kalanda, yatsa yana komawa baya wata-wata.]

To, ga inda ake tuntuɓe. Mai ba da kuɗi yana ƙirga shekararsa daga ranar da aka sa hannu. Itace kuwa ba ruwansa da sa hannu. Galibi yana fid da iri sau ɗaya a shekara, a lokacinsa, in ka makara sai baɗi.

Saboda haka jadawalin ana rubuta shi ne daga ƙarshe zuwa farko. Ranar dashe ita ce lokacin da ruwan sama ya kankama, ƙasa ta jiƙu sosai. Koma baya wata uku zuwa shida, lokacin da tsiro zai yi a leda ke nan kafin ya isa dashe. Sake komawa baya, lokacin tara iri. Kafin wannan kuma a riga an tanadi inuwa, ruwa, leda, ƙasa da taki. Ka ga kason farko na kuɗin ya kamata ya shigo kusan shekara guda kafin ranar da za a ɗauki hoton dashe.

In kuɗi ya faɗo asusu ana tsakiyar damina fa? Sai a ruga wurin masu sayar da tsirrai a kwashi abin da ke ƙasa. Me ke ƙasa? Itacen turare, wanda asalinsa Ostareliya ne, da darbejiya, wadda asalinta Indiya. Ba laifinsu ba ne, suna saurin girma, shi ya sa ake rainonsu. Amma shirin da aka rubuta don yara su san tsirran ƙasarsu ya ƙare da baƙi. An je neman ƙiba, an samo rama.

[Hoto: hannu cike da iri daban-daban, kyamara ta matso kusa.]

Dubi irin nan da kyau, domin kowanne da halinsa. Masu taurin ɓawo, kamar na kuka da bagaruwa, sai an ɗan kankare su ko an zuba musu ruwan zafi an bar su su kwana, in ba haka ba su yi makonni a leda ko motsi babu. Na kaɗanya kuwa akasin haka ne, ba ya jure ajiya, in ya bushe ya mutu, sai a shuka shi da ɗanyensa. Masu adana iri suna da ƙa'ida: a tara daga itatuwa da yawa, har hamsin in za a samu, kuma kada a kwashe fiye da kashi 20 cikin 100 na irin da ya nuna a ranar. Iri daga uwa ɗaya yana ba da 'ya'ya masu rauni iri ɗaya, cuta guda ta share su.

A ganinmu, wannan fitar tara irin ita ce zuciyar shirin gaba ɗaya. Yaron da ya tsaya a gindin itace ya rubuta sunansa, ya taɓa ɓawonsa, ya ga tsuntsun da ke cin 'ya'yansa, ya fi wanda aka miƙa wa leda ranar biki sanin abin da ya dasa. Kayan aikin ma ba su da yawa: littafin rubutu, jakar takarda, tef ɗin awo, kuɗin mota, da ladan wanda ya san itatuwa zai raka su. Duk da haka wannan layin ne aka fi mantawa a kasafi. Riguna da tuta kam, ba a taɓa mantawa da su.

[Hoto: jarkoki a jere.]

Yanzu ɗaya ƙarshen jadawalin. Mu yi lissafi na misali. Tsiro 500, kowanne lita 10 a mako idan ruwan sama ya ɗauke. Lita 5,000 ke nan, wato jarka 250 mai cin lita 20, duk mako. In yaran 25 ne, kowa jarka goma. Yanzu ka mayar da 500 ɗin nan 10,000, ka ga abin da mai duba takardarka ya gani. Kuma wa zai yi ban ruwa lokacin hutun makaranta? Rubuta sunan muƙaminsa da ladansa.

Sai shinge. Akuya ɗaya, yamma ɗaya, ta gama da aikin wata shida. Sai ƙarin tsirrai a wurin reno don maye gurbin waɗanda za su mutu, domin wasu za su mutu.

[Hoto: takardar kasafi, ana ja wa layuka alama.]

Ka nemi a raba kuɗin kashi uku: na iri da reno, na dashe, na kulawa har ranin farko ya wuce. In tallafin na wata goma sha biyu ne kuma bai kai nan ba, ka faɗa a fili, ka nuna wanda zai ɗauki sauran. Ruwan rijiyar makaranta da awannin masu sa kai duk gudummawa ce, a ƙiyasta su a rubuta.

Ma'aunin da za ka yi alkawari a kansa shi ne tsirran da ke raye bayan shekara guda. Kowanne a ba shi lamba, yaro ya auna tsayinsa duk wata, a ɗauki hoto daga wuri ɗaya. Wannan littafin awon shi za ka haɗa da rasit idan za ka nemi kaso na gaba.