Mai Marsandi ML ko GL, duba birkinka kafin ka kama hanyar Marwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina wani gareji a nan Garwa, arewacin Kamaru, kuma maganar da ta kawo ni ta shafi rai. Baba, don Allah ɗan ɗaga mana bonet. Yauwa, na gode.

Ku matso. Kun ga wannan baƙin ƙarfen zagayayye da ke bayan robar man birki, ta gefen direba? Makanikai na ce masa busta. Shi ke ƙara wa ƙafarka ƙarfi idan ka taka birki. A shekarar 2022 kamfanin Mercedes-Benz ya nemi a dawo masa da motoci kusan miliyan 1 a faɗin duniya, ƙirar ML da GL da R, waɗanda aka ƙera daga 2004 zuwa 2015, saboda wannan abin. Akwai wata roba da aka naɗe shi da ita. Danshi na maƙalewa a ƙarƙashinta, tsatsa ta yi ta cin ƙarfen a ɓoye, iska ta fara zurarewa, birki ya yi tauri. Idan abin ya yi nisa, ka taka da ƙarfi, yana iya ɓallewa gaba ɗaya. A Amurka har cewa aka yi masu motocin, kusan dubu 292, su ajiye su sai an duba.

To ga abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Wasiƙar gargaɗin tana zuwa ne ga mai motar da ke rajista a Jamus ko Amurka. Ita kuwa motar tuni ta hau jirgin ruwa, ta sauka Duwala ko Kwatano, ta wuce hannu uku kafin Alhaji ya biya. Wa zai sanar da shi? Ga daminarmu ta bakin Binuwai, ga ruwan da muke kutsawa a ciki a watan Agusta. Can gyaran kyauta ne, nan kuwa labarin ma ba ya isowa.

Kada masu BMW su ga kamar sun tsira. Tsofaffin 3 Series da X5 da yawa na ɗauke da jakar iska (wato airbag, mai kumbura ta kare ka a haɗari) ta kamfanin Takata, wadda zafi da danshi ke lalata sinadarinta har ta fashe da ɓaraguzan ƙarfe.

Ku dubi nan, ƙasan gilashin gaba. Wannan lambar shasi ce, haruffa da lambobi 17, tana kuma kan takardar motar. Idan motar daga Amurka ta fito, shiga shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, a wayarka ka rubuta ta, nan take za ka ga ko akwai gyaran da ba a yi ba. Idan ta Turai ce, kai lambar wa wakilin kamfanin. Kuma ka sa bakanike ya cire robar da aka naɗe bustan da ita ya leƙa ƙarfen da idonsa. Birkin da ya fara tauri ko yake huci idan an taka, a ajiye motar, kada a ɗauki iyali a ciki.

Wanda ya san mai irin wannan mota a Marwa, Ngaundere ko Kuseri, ya tura masa bidiyon nan yau. Sai mun haɗu a na gaba, in Allah ya yarda.