Ƙaramin Jirgin Kuza: Daga Zariya Zuwa Bukuru

An rubuto wannan lacca ne daga muryar da aka naɗa a wani zama da ɗalibai da tsofaffin ma'aikatan reluwe a Jos.

Assalamu alaikum. Iyayenmu da ke zaune nan gaba, ku gafarce ni, yau zan yi sayar da kura a gidan mai kura, don wasunku sun ci kwal da hayaƙi, ni kuwa a takarda na karanta.

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, ya ga tsofaffin kawunan jirgin nan da ke ajiye kusa da gidan zu. Yara kan hau su ɗauki hoto, su wuce. To waɗannan ƙarafa su ne ragowar layin da Turawa suka kira Bauchi Light Railway. Kada sunan ya ruɗe ku, bai taɓa shiga garin Bauci ba. A lokacin Jos tana cikin lardin Bauci ne, shi ke nan.

Kuza ce ta kawo shi. Kafin a shimfiɗa dogo, a ka ake ɗaukar ta, 'yan alaro su yi ta tafiya kwana da kwanaki har Loko, bakin kogin Binuwai. Da dogo ya iso Zariya da Kano a 1911, sai aka ce a ja reshe zuwa tudun Jos. Ya isa Rahama a 1912, ya kai Jos da Bukuru a 1914, mil 140 da ɗoriya. Amma don a rage kuɗi sai aka matse shi: faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, alhali babban layi ƙafa 3 da inci 6 ne. Kun ga matsalar? Tarago ɗaya ba ya hawa layin biyu. Kowane buhu sai an sauke shi a Zariya an sake lodi. Shi ya sa da babban layi ya shigo Jos ta Kafancan a 1927, da kwal ɗin Inugu a bayansa, ƙaramin ya zama kishiyar da aka daina kwana ɗakinta. Ya dai lallaɓa har 1957 aka rufe shi.

Yanzu ga abin da ya tara mu. Mu muna ganin in an ajiye abu an kewaye shi, to an adana. A'a. Kan jirgin tururi tukunya ce a kan ƙafafu: wuta a baya, bututaye masu yawa suna ratsa ruwa, tururi ya tura fistin, wato ƙarfen da ke juya ƙafafun. Ruwa ne abincinsa yana aiki, ruwan ne kuma ajalinsa in ya tsaya. Damina ta zuba ta bututun hayaƙi, ta haɗu da tsohuwar toka, ta ci ƙarfe daga ciki. Kai kana waje kana shafa fenti, tsatsa tana ciki tana sha'aninta. Kuma kun san daminar Jos ba ta wasa.

Bari in ba ku misali daga maƙwabta. Saliyo ma layinta ƙafa 2 da inci 6 ne, irin namu sak. Da aka rufe shi a 1974, wasu masu aikin sa-kai daga yankin Wales na Birtaniya suka zo a 1975 suka sayi kan jirgi mai lamba 85, ƙirar kamfanin Hunslet ta 1954, da wasu taragwan fasinja. Suka kai layinsu na Welshpool, suka hura masa wuta, ya yi shekaru yana jan masu yawon buɗe ido. A can, kusan duk shekara 10 sai an buɗe tukunyar an duba, an gwada ta da matsin ruwa kafin a yarda a sa wuta. Saliyo kanta daga baya ta farga, ta buɗe gidan tarihin reluwe a Firitawun a 2005.

Wani ɗalibi ya tambaye ni ɗazu ko namu zai sake tafiya. Ɗana, ni ban sa rai da wannan yanzu ba, kuma ba na son mu fara da babban buri mu ƙare da kwamiti. Rumfar kwano tukuna. A toshe bututun hayaƙi, a kwashe toka, a shafa giris a sandunan ƙafa, a kwafi lambobin da ke jiki kafin 'yan gwangwan su riga mu.

Abin da ya fi damuna ma ba ƙarfen ba ne. Tun da injin dizal ya shigo a 1955 aka fara rage masu koyon wuta. Baba da ke zaune can ya gaya mini da kunne yake gane jirgi na jin ƙishi, kuma shebur ɗin kwal ba a tsakiya ake jibge shi ba, watsawa ake yi kusurwa-kusurwa. Wannan ba ya cikin fayil. Kowannenku da waya a aljihu. Baba, don Allah in ba ka gaji ba, a miƙo maka makirfo ka fara mana daga ranar da aka ɗauke ka aiki.