Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista a Ziyarar Duba Aikin Tashar Lantarki ta Nukiliya

Mai girma Minista, shugabannin hukumar sa ido, injiniyoyi da sauran ma'aikata, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, a madadin ma'aikatan wannan aiki ina yi maka barka da zuwa, muna kuma godiya da ka zo tun ginin yana matakin tushe, domin a wannan mataki ne ake binne kurakuran da ba sa bayyana sai bayan shekaru.

Abin da za mu nuna maka yau shi ne tsarin gudanarwar da muka shimfiɗa bisa ƙa'idar da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta fitar a 2016, wadda ta ɗora alhakin kiyaye haɗari a wuyan manyan shugabanni, ta kuma buƙaci a haɗa inganci da tsaro da lafiyar ma'aikata da kare muhalli cikin tsari guda. Tsananin bincike yana tafiya ne gwargwadon haɗari: waldar bututun da ke sanyaya injin tana da mai yi da mai dubawa da takardar shaida, abin da ba a nema ga ƙofar ofis.

Inda muka fi zuba ido shi ne kan ƙananan 'yan kwangila. An fara gina tashar lantarki ta nukiliya mai suna Olkiluoto 3 a ƙasar Finlan a 2005 da niyyar kammalawa a 2009, amma ba ta fara ba da wuta yadda aka tsara ba sai a 2023, kuma tun a 2006 hukumar sa ido ta ƙasar ta gano rauni wajen kula da 'yan kwangila bayan an samu matsala a kankaren tushe. A Koriya ta Kudu kuwa, a 2012, sai da aka dakatar da injinan nukiliya biyu saboda kayayyakin da aka shigo da su da takardun shaida na jabu. A ganina wannan na biyun ya fi ban tsoro, tunda takardun sun cika, kayan ne ba a tantance ba.

Saboda haka muka ba kowane ma'aikaci, har mai ɗaurin rodi, ikon tsayar da aiki idan ya ga abin da bai gamsu da shi ba. Roƙonmu gare ka, ranka ya daɗe, shi ne idan irin wannan tsaiko ya ja jinkiri, ofishinka ya mara wa wanda ya tsayar da aikin baya.

Bismilla, za mu fara zagayen daga ɗakin gwajin kankare.