Darasi: Wace Linux ɗalibin kula da saba zai saka?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau zan amsa tambayar da ɗalibai suka fi damuna da ita tun farkon zangon nan: "Malam, an ce mu saka Linux saboda kwas ɗin kula da saba, wacce zan saka?" Saba dai ita ce kwamfutar da take yi wa sauran kwamfutoci hidima, kamar ɗaukar shafukan intanet. To ku gyara zama.

Da farko dai, abin da ake kira Linux zuciyar tsarin da yake tafiyar da kwamfuta ce kawai, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a jami'ar Helsinki. Sai mutane daban-daban suka ɗauki zuciyar nan suka haɗa mata manhajoji da hanyar saka su, kowa ya ba tasa suna. Ita ce ake ce wa distiro. Sun fi ɗari, amma ga mai son aikin saba, gida biyu ne kawai ya kamata ya sani.

Gida na farko gidan Debian ne. Debian ta fito a 1993, Ubuntu kuma 'yarta ce, kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fitar da ita a 2004. Gida na biyu gidan Red Hat ne, wanda IBM ya saya a 2019. Su ne kamfanoni da bankuna da yawa suke biyan kuɗi su yi amfani da su. A nan akwai Fedora, akwai Rocky Linux da AlmaLinux.

Bari in nuna muku bambancin a kan allo, ya fi dogon bayani. Ga taga biyu. Ta hagu Ubuntu ce, ta dama Rocky. Ina son saka Apache, manhajar da take miƙa shafukan intanet ga masu buɗe su. A hagu na rubuta sudo apt install apache2. A dama kuma sudo dnf install httpd. Kun gani? Manhaja ɗaya, suna biyu. Yanzu ku duba wannan: a Ubuntu, ina gama sakawa ta tashi da kanta. A Rocky kuwa tana kwance, sai na ce systemctl enable --now httpd, sannan in buɗe mata ƙofa da firewall-cmd. In kuma na ajiye shafina a wani wuri dabam, sai SELinux, mai gadin tsaron tsarin, ta ce ba ta san zancen ba, ta hana. A nan ne ɗalibai da yawa suke zufa, wasu su kashe SELinux ɗin gaba ɗaya don su huta. Don Allah kar ku yi haka. Ranar da ka shiga wurin aiki ba za a bar ka ka kashe ta ba, gara ka koyi karanta ƙorafinta tun yanzu.

Amma systemctl ɗin nan da kuka gani, da ssh da ake shiga wata kwamfuta daga nesa da shi, da izinin fayiloli, da ƙirƙirar masu amfani, duk iri ɗaya ne a gidajen biyu. Shi ya sa nake cewa kar zaɓin ya hana ku barci.

To wacce? Tambayi malaminka da wacce zai koyar da darasin gwaji, ka saka ita. Shi ke nan. Ba ƙaramin wahala ba ne malami yana rubuta apt a allo kai kana fassarawa zuwa dnf a zuciyarka. In bai ƙayyade ba, ni shawarata Ubuntu Server ta LTS, irin 24.04. Duk shekara biyu ake fitar da LTS a watan Afrilu, kuma ana kula da ita shekara biyar, ka ga za ta kai ka har ka gama makaranta. Sannan duk matsalar da ka faɗa, wani ya riga ka faɗawa ya rubuta maganinta a intanet. In datarka ba ta da yawa, ɗauki Debian, ƙaramin fayil ɗinta na sakawa bai kai gigabait ɗaya ba, sai dai za ta jawo sauran daga intanet lokacin sakawa.

In kuma burinka jarrabawar RHCSA ce ta Red Hat, wadda babu canki-canka a cikinta, kwamfuta za a ba ka a ce gyara, to Rocky ko Alma za ka kama, ko ka yi rajistar masu haɓaka manhaja ta kyauta a Red Hat ka samu distiro ɗin Red Hat ta asali. Kar ku bi tsofaffin bidiyo da suke cewa a saka CentOS 8, an daina kula da ita tun ƙarshen 2021. Sai abu ɗaya ga masu tsohuwar laftof ta hannu: Rocky 10 ba ta hawa kan tsofaffin furosesa, irin na Intel da suka girmi zubi na huɗu (4th gen). In ta ƙi, koma Rocky 9.

Fedora tana da kyau, amma kusan duk wata shida ake sabuwa. Arch kuma sai ka ƙoshi da sauran.

Yauwa, Kali. Na san rabin masu kallona ita suke so saboda hoton dodon nan. Kali kayan aiki ce ta masu gwada tsaron na'urori, ba wanda yake ɗora sabar ma'aikata a kanta. Wanda bai iya gina gida ba me zai gane a fasa shi?

Yanzu inda za a saka ta, wanda a ganina ya fi zaɓin distiro muhimmanci. Kar ka goge Windows ɗinka. Akwai wani ƙanena da ya zo mini da laftof idonsa ya yi ja, ya danna "goge faifai gaba ɗaya" wajen sakawa, furojet ɗinsa babi uku ya tafi. Saka VirtualBox, kyauta ce, ka yi kwamfuta a cikin kwamfuta. Ka ba ta RAM gigabait biyu, faifai gigabait ashirin da biyar, kuma ka zaɓi mara tagogi da linzami, baƙin allo kawai, don haka saba take a wurin aiki. Da ka gama sakawa, ka ga wurin nan da aka rubuta Snapshots? Danna, ka ɗauki hoton halin da take ciki. Daga nan ka lalata ta da gangan. Ɓata fayil ɗin /etc/fstab, wanda yake gaya wa tsarin faifan da zai haɗa in zai tashi, ka ga yadda za ta ƙi tashi, ka yi ta fama har ka gyara. In ta gagare ka, ko aka ɗauke wuta kana tsakiyar aiki batir ya mutu, ka koma hoton cikin minti ɗaya.

In laftof ɗinka tana da RAM gigabait takwas, bayan wata biyu ka ƙara ta biyu daga ɗaya gidan, ka haɗa su, ka shiga wannan daga waccan da ssh.

A darasi na gaba za mu saka Ubuntu Server tare, daga farko har mu shiga da ssh. Ku sauke fayil ɗin kafin nan, zai kai kusan gigabait uku, don haka ku jira datar dare ko ku karɓa a filash wurin wanda ya riga ya sauke. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.