Kura da Shan Bugu: Ɗaliban Amurka Masu Wasa da Kuɗin Guminsu

(An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a wani zama na ɗalibai da masu sha'awar wasanni. An rage 'yan maimaice-maimaice kaɗan.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban zama, malamaina da ke gaba, 'yan uwa ɗalibai, barkanmu da war haka. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Abin da aka ce in yi magana a kai shi ne: ɗalibin jami'a da ke yi wa makarantarsa wasa a Amurka, ya dace a biya shi? Kuma in dillalin 'yan wasa ya miƙa masa kuɗi, ya karɓa ko ya noƙe? Na san wani zai ce a ransa, Malam, ɗalibi kuma da albashi? Ku ba ni aron kunne, don jami'ar Amurka a harkar wasa ba irin wadda muka sani ba ce.

A Turai yaro yana shiga makarantar horarwa ta kulob tun yana ƙarami, daga nan ya zarce. A Amurka kuwa, hanyar zama ƙwararre a ƙwallon kwando ko ƙwallon Amurka, wannan mai kama da zari-ruga, ta cikin jami'a ta ratsa. Gasar NFL ta ƙwararrun 'yan ƙwallon Amurka ba ta ɗaukar yaro sai ya yi shekara 3 da barin sakandare. NBA ta ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando kuma sai ya kai shekara 19. To ina zai zauna kafin nan? Jami'a. Filin wasan Jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum fiye da 107,000, ya fi na Barcelona, ya fi Wembley. Gasar ƙwallon kwandon jami'o'i da ake yi duk watan Maris, a 2010 gidajen talabijin na CBS da Turner suka sayi izinin nuna ta na shekara 14 a kan dala biliyan 10.8. A 2016 aka ƙara shekara 8 a kan biliyan 8.8. Nick Saban, kocin Jami'ar Alabama, kafin ya yi ritaya albashinsa ya haura dala miliyan 11 a shekara. A jihohi da yawa ma'aikacin gwamnatin da ya fi kowa albashi ba gwamna ba ne, ba shugaban jami'a ba ne, koci ne.

Yaron da ake karyawa a fili fa? Har zuwa 2021, doka ta ce ban da tallafin karatu, ko sisi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hukumar da ke riƙe da wannan doka ita ce NCAA. Asalinta ma ba don kuɗi aka kafa ta ba. A 1905 ɗalibai na ta mutuwa a filin ƙwallon Amurka, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa ya ja musu kunne. A 1906 aka kafa ƙungiyar don a kare rayukan yara. Ku riƙe wannan, don za ku ga inda ta koma.

A 1955 wani ɗan wasa mai suna Ray Dennison, na wata kwaleji a jihar Colorado, ya sami rauni a ka ana cikin wasa, ya rasu. Matarsa ta nemi diyyar da doka ke bai wa iyalin ma'aikacin da ya mutu a bakin aiki. Magana ta kai kotun ƙolin jihar, kotu ta ce ba ta da haƙƙi, wai kwalejin ba sana'ar ƙwallo take yi ba, don haka mamacin ba ma'aikaci ba ne. A wannan zamanin ne shugaban NCAA na farko, Walter Byers, da mutanensa suka ɗinka wata kalma da ke nufin "ɗalibi mai wasa", suka sa a dinga amfani da ita a ko'ina, a takardu, a jaridu, a bakin masu sharhi. Kalma ce mai daɗin ji, amma garkuwa ce: in ɗalibi ne, ba ma'aikaci ba ne, in ba ma'aikaci ba ne, ba albashi, ba diyya. Kuma ba ni na ƙaga masa wannan ba. Shi Byers ɗin, bayan ya sauka, ya fitar da littafi a 1995 ya faɗi dalilin ƙirƙirar kalmar da bakinsa, ya kuma juya wa tsarin da ya gina baya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu bari mu zo kan dillalai, don nan ne hankalina ya fi tsayawa.

Kowa a nan ya san dillali. Ba ka sayen sa a kara sai da shi, ba ka kama hayar gida sai da shi. Dillanci ba laifi ba ne, ana yi a gaban shaidu, a yanke la'ada kowa ya ji. Amma ku ɗauka an ce a wata kasuwa an hana dillanci, alhali shanu na nan, masu saye na nan da kuɗi a aljihu. Dillalai za su ɓace? Ina! Sai dai su koma bayan runfa, su yi ciniki da daddare. Abin da ya faru ke nan a jami'o'in Amurka shekara da shekaru. Dillali ya hango yaro zai zama miloniya nan da shekara biyu, ya ga uwarsa na fama da kuɗin haya, sai ya lallaɓo: ga wannan ku rage zafi, in ya zama ƙwararre ni zan wakilce shi.

Reggie Bush na Jami'ar Kudancin California shi ne misalin da ya fi shahara. A 2005 ya ci kyautar Heisman, wadda ake bai wa ɗan ƙwallon jami'a da ya fi kowa a shekara. Daga baya bincike ya nuna shi da iyayensa sun karɓi kuɗi da gidan zama daga wasu masu neman zama wakilansa. A 2010 hukunci ya sauko. An hana jami'ar wasannin ƙarshen kaka na shekara 2, an yanke mata gurbin tallafin karatu 30, an goge nasarorin da aka ci, shi kuma ya mayar da kyautarsa. Ku lura da wa sanda ta sauka a kansa. Gurabe 30 ɗin nan na wasu yara ne da suke sakandare ko ƙasa da haka lokacin da aka yi abin, ba su ci nanin ba, nanin ta ci su. Gidajen talabijin da suka yi ta tallar fuskarsa, ba wanda ya ce su dawo da ko kwabo. A 2024 aka mayar masa da kyautar, don abin da aka kira abin kunya jiya, yau yara na yin makamancinsa a bainar jama'a.

A 2017 ma sai da hukumar FBI ta shiga ciki. Ta kama mutum 10, har da mataimakan koci 4 da wani babban jami'in kamfanin Adidas. A cikin abin da ya fito, an shirya bai wa iyalin wani yaro dala 100,000 don ya zaɓi Jami'ar Louisville, kocinta Rick Pitino ya rasa aikinsa. Ni abin da na karanto a shari'ar nan shi ne: yaron yana da farashi, kowa ya san farashin, shi kaɗai aka hana ya zauna a wurin cinikin.

To, kar in yi son kai. Masu cewa kar a biya suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa ai ana biyan su: karatu kyauta, ɗaki, abinci, likita. A jami'a mai zaman kanta wannan kan haura dala 80,000 a shekara, alhali sauran ɗalibai na fita da bashi a wuya. Kuma alƙaluman NCAA sun nuna waɗanda ke zama ƙwararru ba su kai kashi 2 cikin 100 ba, saboda haka digirin shi ne riba. Na yarda, in har an yi karatun. Amma lokacin da 'yan wasan Jami'ar Northwestern suka nemi kafa ƙungiyar ƙwadago a 2014, jami'in da ya saurari ƙarar ya gano suna ba ƙwallo awa 40 zuwa 50 a mako a lokacin kaka. Ɗalibai, ku gaya mini, bayan awa 50 ana gware da ƙarti, wane lissafi ne zai shiga kai? (Dariya.) A shekarar dai wani rahoto ya fallasa cewa a Jami'ar North Carolina an shafe shekara 18 ana ba da wasu kwasa-kwasai na jeka-na-yi-ka, ba aji ba malami, ɗalibai wajen 3,100 suka bi ta ciki, kusan rabinsu 'yan wasa. Kuma a 2014 ɗin ne Shabazz Napier, tauraron ƙungiyar Connecticut da ta ci kofin ƙasa, ya gaya wa 'yan jarida akwai daren da yake kwana da yunwa. Ba a jima ba aka sauya dokar abinci.

Hujjarsu ta biyu ta fi ƙarfi, ita ce ke hana ni sakat. Wasa biyu ne ke kawo kuɗi, ƙwallon Amurka da kwandon maza, su ke ɗauke da tsere da ninƙaya da kokawa da sauransu. Akwai kuma dokar 1972 da ta wajabta a daidaita damar mata da maza a makarantun da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya. Tobi Amusan tamu, wadda ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge a 2022, ta Jami'ar Texas da ke El Paso ta bi, Blessing Okagbare ma haka. In kuɗi suka koma aljihun 'yan ƙwallo, irin waɗannan gurabe na iya raguwa. Gaskiya ne. Sai dai ina tambaya: me ya sa tsimin zai fara daga yaron da ke zub da gumi, ba daga albashin koci ba, ba daga ɗakunan sauya kaya masu kama da otal ba?

Kotu dai ta riga ta raba gardama, zan bi ta da sauri. Ed O'Bannon, wanda ya ci kofin ƙwallon kwando da jami'ar UCLA a 1995, ya ga hotonsa a wasan kwamfuta ana sayarwa ba wanda ya tambaye shi, ya shigar da ƙara a 2009, ya yi nasara a 2014. A 2019 jihar California ta yi dokar da ta ba ɗalibi damar cin moriyar sunansa da hotonsa. A watan Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙoli 9 baki ɗaya suka yanke wa NCAA hukunci, Mai Shari'a Kavanaugh har ya rubuta cewa irin wannan tsari haramun ne ƙarara a kusan kowace sana'a a Amurka. Ran 1 ga Yuli aka buɗe ƙofar talla. A watan Yunin 2025 kuma Mai Shari'a Claudia Wilken ta amince da wani sulhu: za a biya tsofaffin 'yan wasa wajen dala biliyan 2.8 cikin shekara 10, kuma kowace jami'a na iya raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Shi ke nan, an huta? Tsugune ba ta ƙare ba. An buɗe kasuwa, ba a naɗa sarkin dillalai ba. A NFL ƙungiyar 'yan wasa ce ke tantance wakili, kuma la'adarsa ba ta wuce kashi 3 cikin 100. A NBA kashi 4. Ɗalibi ba shi da ƙungiyar da za ta tsaya masa haka, don har yanzu ba a yarda ma'aikaci ne ba, kalmar Byers tana nan da ranta. Kowa na iya buga kati ya ce shi wakili ne, ya yanki abin da ya ga dama. A 2024 wani ɗan wasan jami'ar Nevada da ke Las Vegas, Matthew Sluka, ya ajiye riga bayan sun ci wasa 3 a jere, wakilinsa ya ce an yi masa alkawarin dala 100,000 da baki ba a cika ba, jami'ar ta musanta. Da baki! A ƙasar da lauya ya fi mai shayi yawa. (Dariya.) Mu nan ai mun san wannan labarin ta wata fuska: yaro ya sayar da gonar gado ya ba wani mai cewa zai kai shi gwaji Turai, ba takarda, ba shaida.

Don haka in kun tambaye ni, a biya su, kuma su riƙe wakili. Amma wakili mai lasisi, la'ada mai iyaka, kwantiragi a rubuce, da lauyan da ba na jami'ar ba ya karanta wa yaro da iyayensa kafin a sa hannu. Kuɗin da dillali ke bayarwa tun kafin yaro ya zama wani abu kuwa, wannan ba kyauta ba ce, bashi ne da ruwa, ko an kira shi goro.

Abu na ƙarshe, don na ga wasu dogaye a nan da na san suna mafarkin bin sahun Hakeem Olajuwon, wanda ya bar Legas ya yi wasa a Jami'ar Houston har aka ɗauke shi na farko a NBA a 1984. Ɗalibin da ya shiga Amurka da bizar karatu, dokar shige da fice ta taƙaita masa aiki. Abokin wasansa Ba'amurke zai yi talla ya karɓi kuɗi, shi in ya yi irin wannan aikin a cikin ƙasar yana iya jefa bizarsa a haɗari. Oscar Tshiebwe, ɗan Kwango da ya yi wa Kentucky wasa, sai da ƙungiyarsu ta je tsibiran Bahamas a 2022 ya yi ta ɗaukar tallace-tallacensa a can, don ya fita daga ƙasar Amurka. Duk wanda ya sami gurbi a cikinku, kafin ya amsa wa kowane dillali, ya fara zuwa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa da takardar a hannu.

Shugaba yana ta nuna mini agogo. Na ga hannu can baya kusa da taga. Malama, bismillah, a miƙa mata abin magana.