Sunan da Hajiya Binta ta kasa kira

Maryam: Jama'a barkanmu da warhaka. Yau ina tare da Anti Ladi da Malam Auwalu, littafin da ke gabanmu kuma shi ne Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya fito a 2015, ya ci kyautar adabi ta Najeriya da kamfanin iskar gas na NLNG ke bayarwa, ta dala 100,000, a 2016. Anti, ke ce kika ce ya hana ki barci.

Anti Ladi: Wallahi ya hana ni. Kowa maganarsa ɗaya, wai Hajiya Binta, gwauruwa mai shekara 55, ta faɗa soyayya da Reza, ɗan daba mai sayar da wiwi, sa'an ɗanta. Ni abin da ya tsaya mini a rai Yaro ne.

Auwalu: Ɗanta na fari, wanda 'yan sanda suka harbe.

Anti Ladi: Shi. Har ya koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunansa na yanka ba, ba ta rungume shi ba. Kunyar ɗan fari. To wannan ramin Reza ya haura katanga ya faɗa ciki.

Auwalu: Ni ma ɗan fari ne fa, Anti. Innata har gobe "wannan yaron" take ce mini, ban taɓa jin an rage ni da komai ba. Kara ce.

Anti Ladi: Kai ka ji daɗinka. Ita ka taɓa tambayarta abin da ta haɗiye?

Auwalu: (dariya) Wa ya isa?

Maryam: Ni katangar ce ta ɗauki hankalina. An gina ta don tsare mutuncin Hajiya, amma ita ce ta killace ta da kaɗaici tun da aka kashe mijinta a rikicin Jos. Ga kuma warin kyankyaso da take ji duk sanda masifa ke tafe.

Auwalu: Kada mu manta Reza ma uwarsa ta tafi Saudiyya ta bar shi yana ƙarami. Gaban yaransa zaki ne, gaban Hajiya kuwa sai ya koma maraya.

Anti Ladi: Ai shi ya sa. Malam Haruna da matansa a gida yana zawarcinta, babu wanda ya ɗaga gira. Ita kuwa unguwa ta sa ta a baki.

Auwalu: To ai shi aure ya nema, Anti. Kada mu haɗa halal da haram.

Anti Ladi: Ban halatta ba, Malam. Cewa na yi wa ya taɓa tambayarta me take so?

Maryam: Ku riƙe wannan, mu sha ruwa mu dawo kan Fa'iza, 'yar 'yar'uwar Hajiya da ke zaune a gidanta.