Bishop ɗin Kaduna da ya riƙe ofis a Landan

Jama'a, barkanmu da war haka. Sanyin yau ya matsa, sai ku yi haƙuri da muryata. Yanzu na sauko daga jirgin ƙasa a tashar Westbourne Park, ga ni a titin Tavistock Crescent. Kun ga wancan ginin? St Andrew's House ke nan, ofishin da ke haɗa cocin Angalika na duniya baki ɗaya. Daga 2015 zuwa 2022, babban sakataren da ke zaune a ciki tsohon bishop ɗin Kaduna ne, Bishop Josiah Idowu-Fearon. Kafin shi babu ɗan Afirka da ya taɓa riƙe muƙamin.

Ni Musulmi ne, haifaffen Tudun Wada, kuma da gangan na zo nan. Wanda ya ga Kaduna a 2000 ya san abin da nake nufi. Bayan rikicin nan na Musulmi da Kirista gari ya rabe biyu, kogi a tsakiya. Maƙwabcinmu da muke cin tuwo kwano ɗaya da 'ya'yansa ya kwashe kayansa a akori-kura ya koma hayin kudu. Har yau ina tuna mahaifiyata tsaye a ƙofar gida, ta kasa cewa komai.

A irin wannan lokacin ne mutumin nan yake bishop a garin. Da ma ya fara ne da Sakkwato a 1990, kafin ya dawo Kaduna. Abin da ya fi burge ni shi ne ya zauna ya karanci Musulunci a jami'ar Birmingham, karatu na haƙiƙa. In ya zauna da malamanmu, ya san abin da ke cikin littattafansu, ba jita-jita yake kawowa ba. Wasu a cocinsa sun ga kamar ya yi sassauci da yawa. Da aka naɗa shi aikin Landan ma, shugabannin cocin Najeriya sun fito sun ce ba da yawunsu ba. Wallahi wannan ya taɓa ni, mutum ya je ƙasar wasu 'yan gida na ja da baya.

Duk da aikin nan, a 2017 ya karɓi shugabancin hukumar zaman lafiya ta jihar Kaduna. Da ya sauka daga muƙamin babban sakataren a 2022, Bishop Anthony Poggo na Sudan ta Kudu ya gaje shi.

Bari in matsa kusa ku ga ƙofar da kyau, kafin ruwan nan ya sauko.